Odiyon da ba shi da suna ya fi rediyo daraja a wajenmu yanzu

Ni abin da ke damuna da guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp ba yawan ƙaryar ba ne, ƙanzon kurege dai tun da can ana zuba shi a majalisa da gidan biki. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne mutum zai ce maka shi fa ya daina jin BBC da DW da Muryar Amurka don yaran Turawa ne, rediyon jiha bakin gwamnati ne, masu zaman kansu kuma an saye su, to shi ke nan mun ji, amma shi ɗin dai zai turo maka odiyo na minti bakwai wanda bai san mai maganar ba, babu suna babu gari babu rana, an rubuta "a yaɗa saboda Allah" a ƙasa, kuma ya hau ya zauna a kai ɗari bisa ɗari.

Kada wani ya ce mutanenmu jahilci ne kawai ke damunsu, wallahi ba na son wannan maganar. Rashin yardar nan yana da tushe. A 1996 da annobar sanƙarau ta ɓarke, kamfanin Pfizer ya zo asibitin Zana a Kano ya yi gwajin maganinsa Trovan, yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Sannan a 2011 ta fito fili cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta fake da aikin riga-kafi na bogi a Abbottabad ta Pakistan wajen neman Usama bin Laden. Duk wanda ya san waɗannan biyun in ya ce yana ɗari-ɗari, ba hauka yake ba.

Matsalar ita ce yadda ake ɗaukar gaskiya guda ɗaya a ɗora mata ƙarya goma. A 2003 aka ce ɗigon shan inna akwai maganin hana haihuwa a ciki, Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da riga-kafi, Kano ce ta fi daɗewa, sai a watan Yulin 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta yarda aka ci gaba da maganin da aka yo daga Indunusiya. Kafin a farga cutar ta bazu ƙasashe wajen 20, har Sudan da Yaman da ita kanta Indunusiyar. A Najeriya yaran da suka kamu sun tashi daga wajen 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006. Waɗannan yaran yanzu samari ne da 'yan mata, muna ganinsu a kan keken guragu a titi, ba lissafi ne a takarda ba. Sai kuma Fabrairun 2013 da 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan riga-kafi tara a Kano, mata da suka fito neman na abinci. Allah ya jiƙansu.

Amma ku lura da wani abu. A 2003 masu maganar sanannu ne, irin su Dakta Datti Ahmad, da sunansu da fuskarsu, saboda haka akwai wanda za a zauna da shi, aka kafa kwamitoci aka kai maganin ɗakunan gwaji, aka ja aka ja har aka samu mafita. Yanzu da wa za ka zauna? Daren nan na Agustan 2014 da aka dinga tashin mutane da kira da saƙo wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha kafin asuba saboda Ebola, har yau "an ce" ne kawai. Aƙalla mutum biyu suka mutu da gishirin, alhali Ebolar a Legas da Fatakwal ta tsaya, ba ta ma shigo Arewa ba. Ko maganar Jibrin na Sudan, wai Buhari ya rasu an kawo wani mai kama da shi ya maye gurbinsa, da ta yi ƙarfi har sai da Buhari ya fito da bakinsa a Poland a Disamban 2018 ya ce shi ne dai ba wani ba.

Kuma wayar ita ma tana taya mu. Facebook da TikTok abin da ka tsaya ka kalla shi za su ƙara turo maka, ka kalli bidiyo biyu na maƙarƙashiya sai ka wayi gari duk shafinka shi ne, sai ka ɗauka ai duk duniya ta gano. A guruf kuwa kowa ra'ayinsa ɗaya da naka, in wani ya yi ƙarfin hali ya ce "ina hujja?" sai a ce ɗan boko ne ko an biya shi, in ya matsa admin ya cire shi, sauran masu shakka su yi gum don wanda ya turo yayansu ne ko malaminsu. A haka shiru yake zama kamar amincewa. WhatsApp sun rage fowadin zuwa wuri biyar tun 2019, amma mu da muke cikin guruf ashirin ai wannan bai hana komai ba.

Da aka ci galabar shan inna har aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a Agustan 2020, ba da zagin mutane aka yi ba. Sarakuna ne suka shiga ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, hakimai da masu unguwanni suna ɗiga wa nasu 'ya'yan a gaban jama'a, malamai suka yi bayani, waɗanda cutar ta nakasa suka bi gida-gida suna nuna ƙafafunsu. Mutane sun yarda ne don sun san mai maganar kuma sun san inda za su same shi gobe.

Shi ya sa ni har yanzu na fi yarda da ɗan jaridar da ke faɗin sunansa ko da ina zargin gidan da yake wa aiki, don in ya yi ƙarya akwai ofis, akwai lambar da za a kira a shirin kai-tsaye a ƙure shi. In aka turo odiyo gurufinmu na gida yanzu ba na musu a fili, ina bin mai turowar ta bayan fage in ce Yaya don Allah wa ya yi maganar nan, a wane gari, yaushe? Wasu su goge, wasu su ji haushi su daina amsa min sallama na ɗan lokaci.