Aikinmu shi ne auna yaran da NFL ta ɗauka daga jami'a

Kamfaninmu ƙarami ne, a nan jihar Ohayo ta Amurka: ni, da wani tsohon kocin makarantar sakandare, sai wata matashiya da ke yanka mana bidiyo. Rahoto muke sayarwa kan yaran da ke shiga NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Masu sayensa kuwa wakilan 'yan wasa ne da ba su da kuɗin ɗaukar ma'aikata na kansu, sai gidajen rediyon garuruwa masu son a faɗa musu ko yaron da kulob ɗinsu ya ɗauko zai yi abin kirki. Manyan kulob suna da nasu 'yan leƙen, ba sa bukatarmu.

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba, wato wadda ake runguma da hannu ana ture-ture, ga yadda ake shiga gasar NFL. Kulob 32 ne. Ƙarshen watan Afrilu suke zama kwana uku, Alhamis zuwa Asabar, su zaɓi yara daga jami'o'i a zagaye bakwai, mutum sama da 250. Kulob ɗin da ya fi kowa shan kashi a bara shi ke fara zaɓa. Kuma ba a ɗaukar yaro sai ya yi shekara uku da gama sakandare.

Gari na wayewa ranar Lahadi za ka ga jaridu sun raba maki, wannan kulob ya ci, wancan ya faɗi. Mu ba ma sayar da wannan, ko da yake shi ya fi kasuwa. Yaron da bai taɓa sa hular kulob ɗin ba, da me za ka ce an ci riba ko an yi asara a kansa? A 2000 sai da aka zaɓi mutum 198 kafin New England Patriots ta ɗauki Tom Brady, ya kuma ci kofin Super Bowl, wato babban kofin NFL, sau bakwai. A 2007 Oakland Raiders ta buɗe zaɓe da JaMarcus Russell, zuwa 2010 ta sallame shi. Brock Purdy shi ne na 262, na ƙarshe ke nan a 2022, amma a kakarsa ta biyu ya kai San Francisco 49ers wasan ƙarshe. Duk wanda ke cikin sana'ar nan ya haddace waɗannan sunaye, sai dai haddar ba ta hana kowa raba maki.

Tambayar da muke amsawa guda ce: wane aiki kulob ɗin nan zai ba yaron ranar wasa, kuma mun taɓa ganin ya yi irin aikin a bidiyo?

Bidiyon ma ba wanda ake nunawa a talabijin ba. Na talabijin ƙwallo yake bi. Namu daga sama ake ɗauka, ana ganin 'yan wasa 22 gaba ɗaya, kuma yawanci inda ƙwallo ba ta nan ne ake gane mutum. Kocinmu yana da ƙa'ida: a fara da wasan da yaro ya haɗu da abokin hamayya mafi ƙarfi, sannan wasan da aka lallasa jami'arsa. Yana so ya ga yadda yaro ke gudu ana saura minti biyar, an riga an sha kashi. Tarin bajintar da wakilai ke turo mana da kiɗa a ƙasa, a ƙarshe muke kallonsa, in ma mun kalla.

Inda aikin ya fi cin lokaci shi ne bambancin filin jami'a da na NFL. Tsawo da faɗi ɗaya ne, amma layukan da ake ajiye ƙwallo a kansu kafin a fara kowane hari sun bambanta. A jami'a tazararsu ƙafa 40 ce, a NFL ƙafa 18 da inci 6. Saboda haka a jami'a sau da yawa ƙwallo tana gefe guda, ɗaya gefen ya zama fili fetal, mai cafkar ƙwallo ya samu sarari ya yi ta sheƙa gudu. A NFL ƙwallo kusan kullum tana tsakiya, sararin ya tsuke, mai tsaron da ke bin ka kuma ya kai ka gudu. Sai mu ware duk cafkar da yaro ya yi babu kowa kusa da shi, mu ƙirga wadda ya yi ana manne da shi. Wani lokaci lissafi mai ban sha'awa yakan zube ya koma ɗan kaɗan. Haka nan a jami'a ƙafa ɗaya ta taka cikin fili ta wadatar a ce an cafke, a NFL sai biyu. Ga kuma tsawon kaka: wasa 12 a jami'a kafin na kofi, 17 a NFL. Yara da yawa jikinsu kan mutu a watan Disamba.

Sai gwajin da ake yi a Indianapolis wajen ƙarshen Fabrairu, inda ake auna tsawo da nauyi da faɗin tafin hannu, a sa yaro ya ɗaga ƙarfe mai nauyin fam 225, ya yi gudun yadi 40. Jama'a na son gudun nan ƙwarai. John Ross ya yi shi cikin daƙiƙa 4.22 a 2017, Cincinnati Bengals ta ɗauke shi na tara, raunuka suka hana shi zama abin da aka zata. Puka Nacua kuwa ba a san shi da irin wannan gudu ba, sai a zagaye na biyar Los Angeles Rams ta ɗauke shi a 2023, ya cafke ƙwallo 105 a kakarsa ta farko. Mu dai agogo tamkar sikelin mai awo ne a wurinmu: zai faɗa maka nauyin buhu, ba zai faɗa maka ko akwai tsakuwa a ciki ba. Awon da na fi girmamawa shi ne tsawon hannun ƙattin da ke tsayawa a bakin sahun gaba suna kare mai jifan ƙwallo. In bai kai inci 33 ba, kulob da yawa sukan mayar da mutum tsakiyar sahun, kuma wannan yana canza kuɗin da zai samu nan gaba.

Kuɗin farko kam an riga an yanke. A 2010 Sam Bradford ya sa hannu kan dala miliyan 78 bai buga ko wasa ɗaya ba. Yarjejeniyar 2011 tsakanin NFL da ƙungiyar 'yan wasa ta kawo ƙarshen haka: yanzu kwantiragin shekara huɗu ne, lambar da aka zaɓe ka ita ke yanke albashi, kulob kuma na da damar ƙara shekara ta biyar ga 'yan zagayen farko.

Cinikinmu na gaske yammacin Asabar ɗin nan yake. Zaɓe na ƙarewa kulob-kulob ke rububin yaran da ba a zaɓa ba, wakili kuma yana da 'yan mintuna ya yanke inda yaronsa zai je. A nan wanda ba a zaɓa ba ya fi ɗan zagaye na bakwai sa'a ta wata fuska, domin shi ke zaɓar kulob. Tun kafin ranar mun shirya wa wakili takarda: wane kulob ne ke da tsofaffi a wannan gurbi, wa kwantiraginsa ke ƙarewa, wane koci ne salon wasansa ya dace da yaron. Mutum 90 ake shiga sansanin horo da su, ƙarshen Agusta a rage zuwa 53, wasu 16 su zauna a rukunin atisaye. Yaron ƙasan jeri ba ya tsira da sunan jami'arsa. Yana tsira ne in ya yarda ya ruga ya kayar da mai dawo da ƙwallo bayan an buga ta, aikin da taurarin jami'a da yawa ba su taɓa yi ba. Shi ya sa shafin farko na rahotonmu kan irin waɗannan yara a kan wannan yake, kuma in ba mu samu ko bidiyo ɗaya da yaron ya yi shi ba, muna rubuta wa wakilin haka ƙarara, ya fara koya masa kafin sansanin sababbi na watan Mayu.