Zaren tsamiyata ya ratsa saƙi bai tsinke ba

Jiya bayan la'asar na ja allura fiye da sau arba'in a kan ƙyallen saƙi, zaren bai tsinke ba. Zaren tsamiya ne, wato silikin da ake samu daga gidan wata tsutsar daji, ni na dafa shi, ni na kaɗa shi. Da na kai tsinin askar farko, irin zanen nan na adon babbar riga, sai na soke allurar a gefe, na zauna ina shafa ɗinkin da yatsa har aka kira magariba. 'Yan uwa masu koyo, wata huɗu ke nan ina fama da abin nan, sau biyu ina cewa na haƙura, don haka ku bar ni in yi bayani son raina yau.

Niyyata tun farko babbar riga ce, aska biyu, in ɗinka wa Baba ya sa ranar Babbar Sallah. Na ware wata guda na dahuwa da kaɗi, sauran na ɗinki. Sallah ta zo ta wuce ko yankan rigar ba a yi ba, duk kwanakin sun ƙare a bakin murhu.

Samun gidan tsutsar ma sai da Kawu ya yi mako uku yana cigiya a kasuwar Talata nan Mafara, kafin wani mai sayar da saiwoyi da sassaƙe ya kawo rabin buhu. Ya ce daga kudu aka kawo masa, wajen dazukan doka, kuma kun san yadda shiga daji ya zama a Zamfara yanzu. Naira 22,000 na biya. Da na zazzage a tsakar gida sai na tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ruwa ya taɓa shi ya yi baƙi, wani kuma gara ta ci. Wannan kuɗin har yau ina jin zafinsa. In za ku saya, ku sa a zazzage a gabanku, ku matsa kowane ɗaya ku shinshina. Kuma ku sa safar hannu ku koma bayan gida inda iska ba za ta kwaso muku ba, ku kori yara, domin gashin tsutsar da ke cikin gidan ƙaiƙayi gare shi ba na wasa ba. Kwana biyu wuyana da hannuwana suna zuga, man kaɗanya kawai na yi ta shafawa.

Tukunyar farko na bi abin da na gani a waya, kuma nan na fara ɓata. Masu nunawa a intanet silikin ƙasar Sin suke dafawa: tsutsa ɗaya da ƙwansonta ɗaya, fari tas, zare guda mai tsawon ɗaruruwan mita da ake warwarewa bayan ɗan tafasa kaɗan. Tamu tsutsar taron dangi take yi. Da yawa suke haɗuwa su saƙa babbar jaka guda mai ruɓi-ruɓi, sannan kowace ta yi nata ƙaramin ɗaki a ciki. Ba a warware shi, sai dai a narkar da ƙaron da ya manne shi a kaɗa kamar auduga. Minti arba'in da sabulu bai yi masa komai ba. Ya fito kamar jiƙaƙƙiyar fata, da ya bushe ya koma yadda yake.

Sai na ce to ƙarfi yake so. Na daka kanwa ungurnu cikin hannu biyu na zuba, na hura wuta sosai, na bar shi yana zaɓalɓala tun hantsi har bayan azahar. Ruwan ya yi baƙi, na yi murna, na ce ƙaro ya fita. Da na tsame na wanke, na cikin ya zama kamar dusa, ka ja shi ya rabu a hannu ba tsawon ko gaɓar yatsa, na wajen kuma har yanzu da sauran tauri a wasu wuraren. Tukunya ɗaya, rabi ya ƙone rabi bai nuna ba. Na zubar da kusan rabin abin da ya rage mini, ga itacen naira 3,000 ya tafi a banza. Ranar kam na yi kuka, na ɗaure sauran a buhu na jefa bayan ƙyaure, ban sake waiwayarsa ba sai da Gwaggo ta zo suna daga ƙauye.

Gwaggo yayar Baba ce, ta haura saba'in. Na san tana kaɗin auduga tun tana budurwa, amma ban taɓa sanin mahaifiyarta tana kaɗa tsamiya tana sayar wa malamai masu ɗinkin riga ba, kuma ita ce mai hura mata wuta. Na kawo mata dusar nan a faifai. Ta murza, ta ɗora kaɗan a harshe, ta tofar.

"Ke ɗiyata, mi kinka zuba ma wagga tukunya?"

Na ce, "Kanwa ce, Gwaggo."

"Kanwa ta miya ce. Ta cinye miki shi. Kuma haɗe kinka dafa su, da riga da 'ya'ya?"

Wannan tambayar ita ce ta warware mini komai. Jakar waje, wadda take kira riga, da ƙananan ɗakunan ciki, waɗanda take kira 'ya'ya, ba lokaci ɗaya suke nuna ba. Na waje kauri gare shi da ƙaro mai yawa, na ciki kuwa sirara ne. In ka haɗa su, kafin rigar ta saki 'ya'yan sun narke. Abu mai sauƙi haka, amma wata biyu ina kallon tukunya ban gane ba.

Ga yadda muka yi ta uku, ita tana zaune a tabarma tana ba da umarni. Muka tsaga kowane gida da almakashi, muka kakkaɓe busassun ƙwansuna da kashin tsutsa, muka ware riga gefe, 'ya'ya gefe. Maimakon kanwa ta sa na ƙona karan gero, muka tace tokar a tsohuwar tukunya mai huji yadda ake tace ruwan tokar miya. Na tambaye ta gwangwani nawa na toka a ruwa nawa, ta ce ita ba ta taɓa aunawa ba. Sai ta tsoma yatsu biyu ta murza, ta ce in yi santsi kamar ruwan sabulu ya isa, in ya ciji harshe a sirka. Sau uku tana sa ni sirkawa. A cikin wannan ruwan rigunan suka kwana, 'ya'yan kuma sai da safe muka jiƙa su.

Wuta ita ce ta biyu. Ba ta yarda ruwa ya yi tsalle ba, sai dai ya riƙa motsi a hankali kamar ana dama kunu, ice biyu kawai a murhu. Kuma ba a juyawa da muciya, a danna dai a hankali, don juyi ke cukurkuɗa shi ya zama dunƙule. Kowane ɗan lokaci sai ta ce in ciro ɗaya in tsoma a ruwan sanyi in ja shi tsakanin yatsu. In ya yi ƙara ko ya turje, a mayar. In ya buɗe kamar auduga amma ka ji yana riƙe kansa, ya yi, a fitar nan take, ko minti goma kada a ƙara. Ni ina duba agogo a ɓoye: a tukunyata 'ya'yan sun yi cikin awa ɗaya da rabi, rigunan sun kusa awa huɗu, kuma sai da muka zubar da ruwan farko muka sake sabo a tsakiya. Kada ku ɗauki waɗannan awoyi tamkar doka, tokarku ba tawa ba ce, ruwan rijiyarku ma daban. Yatsun nan dai su ne ma'auni, ku yi ta ciro shi kuna ja.

Abu ɗaya na ƙara da kaina. Bayan ɗauraya huɗu na matse lemon tsami biyu a ruwan ƙarshe, tunda kanwa ke kashe tsami a kunu, tsami ma zai kashe ragowar toka kada ta ci gaba da cin zaren. Gwaggo ta ce su ba sa yi, ɗauraya ce kawai har ruwa ya daina santsi, amma ba ta hana ni ba. Muka shanya a inuwa a kan faifai. Duk wahalar nan abin da na samu bai cika ƙwarya ɗaya ba, na kai shago aka ɗora a sikeli, giram 90.

Kaɗin ba zan daɗe a kansa ba, kun san shi. Bakan shiɓa bai yi mini ba, ƙulle shi yake yi, da yatsu na yi ta tsefe shi daddare. Ƙaramin mazari ya fi, da alli a yatsa. Gwaggo ta kaɗa kamu biyu don in gani, nata ya fito siriri daidai wa daida, nawa wani wuri kamar abawa wani wuri kamar gashi. Da na gwada shi tilo a allura, ja shida ya tsinke, domin saƙi kaushi gare shi, yana gurzar zaren duk wucewa. Sai na haɗa biyu na murza su ta hannun da ya saɓa wa murzar farko, na daina yanko zaren da ya wuce kamu ɗaya, na kuma sauya allura zuwa mai faɗin ido don ta buɗa wa zaren hanya. Waɗannan ukun ne suka kai ni ga ɗinkin jiya.

Daren nan Kawu ya shiga ɗaka ya fito da rigar kakanmu daga akwati, wadda ban taɓa ganin an warware ta ba. Saƙi ce ta sha bugu, aska takwas da tambari, ƙasanta da shafin alharini ja. Alharinin nan siliki ne, a da can ta hamada yake zuwa a kan raƙuma, daga Tarabulus zuwa Kano, sannan fatake su watsa shi, shi ya sa yake da tsada. Amma zaren da aka yi askar da shi na dajinmu ne. Na ɗora ƙyallena kusa da ita a ƙarƙashin fitila. Launi ɗaya, ruwan ƙasa mai haske, ba ƙyalli irin na zaren roba da ke cike da kasuwa, sai wani laushi da ido ke hutawa a kansa. Ɗinkina bai kama ƙafar nasu ba, idanun da suka huda a aljihu ƙanana ne kamar ƙwayar gero, amma zaren iri ɗaya ne, kuma wannan ya ishe ni alfahari. Kawu bai ce komai ba sai "Madalla, 'yar nan," ya ninke rigar.

Yarbawa har yanzu suna girmama wannan zaren, sanyan suke ce masa, suna saƙa kayan biki da shi. Mu a nan malamin da ya zana mini askar da alƙalami da tawada ya ce ya manta rabon da wani ya kawo masa aikin tsamiya. Gwaggo ta lissafa matan da ta sani sun iya dahuwarsa, duk sun rasu sai ɗaya da idonta ya mutu. Abin yana damuna ƙwarai. Na ɗauki muryarta a waya tana bayani, amma waya ba ta ɗaukar santsin ruwan toka. Don haka na roƙe ta ta ƙara mako guda, na kuma gaya wa 'yan mata biyu na maƙwabta da muke ɗinkin hula tare su zo su tsoma nasu yatsun.

Yanzu lissafi ya canja. Giram 90 da abin da tukunyar ƙarshe za ta bayar ba za su yi aska biyu da tambarin baya ba. Ina ganin wuya da linzami kawai zan yi da tsamiya a bana, in bar askar a zane har Allah ya hore wani buhun, don ba na son in gauraya shi da zaren kasuwa a riga ɗaya. Waɗanda ke wajen Zuru ko Ɗansadau, in ana kawo gidan tsamiya kasuwanninku ku gaya mini nawa ake sayarwa da kuma watan da ya fi samuwa. Akwai kuma matsalar da ban warware ba: bayan ja ashirin zaren yana fara tayar da gashi. An ce in goga masa kakin zuma, amma ina tsoron ya dushe launin ko ya riƙe ƙura, sai na gwada a guntun ƙyalle tukuna. Karan gero na nan na tara, daren Juma'a zan jiƙa rigunan da suka rage, Asabar da hantsi mu ɗora tukunya.