Mu ba ma gogewa mu sake zubawa

Sana'armu ɗora Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, a kwamfutocin ofisoshi da makarantu, da kula da su bayan an ɗora. Linux iri-iri ce: Debian muke sa wa saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, Ubuntu kuma ga kwamfutocin tebur, musamman irin fitowar da ake yi duk shekara 2 a watan Afrilu, wadda ake ci gaba da gyara ta shekara 5. Ɗorawar kam ko yaron shago zai iya. Ranar da na'ura ta yi gardama ake sanin gwani.

Kwastomomi kan tambaye ni ko ya dace mai amfani kawai, wanda bai iya rubuta manhaja ba, ya kai ƙarar tangarɗa wurin masu Linux. Ya dace mana. Mai rubuta direban katin wayafai, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki, ba shi da kowace irin kwamfuta a ɗakinsa, kuma da yawansu aikin sa kai suke yi. In ba ka faɗa ba, ina zai sani? Sai dai kai ƙarar ma sana'a ce.

Maigidan da ya koya mini aiki ba ya son jin "ba ta yi". Sai ya ce, "Me ka danna, me ka sa ran gani, me ka gani?" Yakan zaunar da ni gaban dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin da tsarin ke rubutawa game da na'ura, in yi ta karanta layi bayan layi har idona ya yi ja, ba ya bari in taɓa komai sai na nuna masa layin da na'urar ta koka. A lokacin ina ganin mugunta ce.

Kwanan baya aka kawo mana wata kwamfutar cinya: a rufe murfi a buɗe, wayafai ya ɓace sai an kashe an kunna. Wani ya riga ya goge ta ya sake zuba tsarin, ya karɓi kuɗinsa, matsalar tana nan daram. Waɗannan 'yan goge-ka-zuba su ne suka ɓata mana suna, su ne kuma suke sa mutane cewa Linux ba ta da tabbas. Mu sai muka duba sunan katin da lspci, muka ciro da umarnin journalctl abin da tsarin ya rubuta daidai lokacin farkawa, muka tayar da ita da tsohon kanel, wato zuciyar tsarin Linux, sai ga wayafai lafiya lau. Ka ga an san tsakanin inda ɓarnar ta shigo. Muka bincika ko wani ya riga mu kai ƙara, ashe akwai, sai muka ƙara bayananmu a kan nasa. Ubuntu tana da ubuntu-bug mai tattara bayanai ya aika Launchpad, shafinta na karɓar ƙara, Debian tana da reportbug, Fedora, wata irin Linux, kuma tana da shafin Bugzilla. Kafin aikawa mukan cire duk abin da ya shafi sirrin mai na'ura.

Wasu sukan yi ciniki a kan wannan lokacin, wai ai gyara suka kawo, ba rubutu ba. Sai in ba su labarin Andres Freund, wani mai rubuta manhaja. A watan Maris na 2024 ya lura shiga ta ssh, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, tana ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, bai kau da kai ba, ya bi diddigi har ya gano ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, da aka dasa a cikin xz, manhajar matse fayil, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, kafin ta kai ga tsayayyun fitowar Debian da Ubuntu. Irin wannan ta tsaro ana fara sanar da masu kula da tsaron tsarin ne a asirce.

Ba kowace ƙara ake amsawa da wuri ba, wata takan yi watanni shiru, wata a dawo a ce gwada wannan gyaran ka faɗa mana. Nan ne yawancin mutane ke ɓacewa, mu kuwa mukan gwada mu mayar da amsa. In za ka kawo mana na'ura, ɗauki hoton saƙon da ta nuna, ka tuna abin da ka sabunta na ƙarshe, kuma don Allah kada ka bari a goge ta tukuna.