Abin da koyar da addu'ar Rosari ke koya wa mai koyarwa

Duk katikis ɗin (mai koyar da addini a cocin Katolika) da ya daɗe yana koyar da Rosari, addu'ar da Katolika ke yi da carbi, ko a ajin masu shirin baftisma ko a taron Zumuntar Mata, ya san mutane kan haddace kalmomin cikin 'yan makonni, amma su yi shekaru ba su san aikin da zuciya za ta riƙa yi ba yayin da baki ke motsi. Tushen matsalar a tsarin koyarwa yake. Ana farawa da ƙidaya, a bar asirai, wato al'amuran rayuwar Yesu da Maryamu da ake tunani a kansu, sai ƙarshe kamar wani ƙari, alhali asiran nan su ne addu'ar. Fafaroma Bulus na Shida ya faɗi haka a 1974: Rosarin da babu tunani a cikinsa jiki ne marar rai.

Duk da haka hannu sai ya san hanyarsa. Carbin da aka saba gani yana da gicciye da ƙwaya 59, ƙanana 53 na "A gaishe ki Maryamu", manya 6 na "Ubanmu". Ana yin alamar gicciye, a riƙe gicciyen a faɗi "Na ba da gaskiya". A babbar ƙwaya ta farko a yi "Ubanmu", a ƙanana ukun da ke binta a roƙi ƙarin bangaskiya da bege da ƙauna, sai "Ɗaukaka ga Uba". Daga nan a ambaci asiri na farko, a yi "Ubanmu" ɗaya, "A gaishe ki Maryamu" goma, "Ɗaukaka" ɗaya, haka har sau biyar. Wurare da yawa suna ƙara gajeriyar addu'ar da ta fito daga garin Fatima na ƙasar Portugal a 1917 bayan kowace goma. Inda sabbin koyo ke rikicewa shi ne "Ɗaukaka" ba ta da ƙwayarta. A kan sarƙar da ke tsakanin ƙwaya ta goma da babbar ƙwaya ake yin ta. Wanda bai san haka ba sai ya cinye babbar ƙwayar da ita, ya yi "Ubanmu" a kan ƙarama, ƙidayarsa ta riƙa zamewa da ɗaya har ya kai ƙarshe yana zargin carbin.

Amfanin ƙwayoyin kuwa shi ne su ɗauke wa ƙwaƙwalwa nauyin lissafi. Yatsa na ƙirga, baki na maimaita abin da ya riga ya sani, zuciya ta samu sararin kallon Yesu. A nan ƙasar ba a shan wahalar bayyana wannan, domin kowa ya ga maƙwabcinsa Musulmi da carbi mai ƙwaya 33 ko 99. Asalin namu daga Zabura ne. Masu zaman zuhudu a Turai suna rera Zabura 150, talakawan da ba su iya karatu ba suka riƙa yin addu'o'i 150 a madadinsu. Al'adar Ikilisiya tana danganta yaɗuwar Rosari da Waliyyi Dominik da mabiyansa, sai Fafaroma Pius na Biyar ya tabbatar da tsarinsa a 1569, da asirai 15. Bikin Rosari na 7 ga Oktoba ya samo tushe daga yaƙin ruwa na Lepanto na 1571, Fafaroma Leo na Sha Uku kuma shi ya ƙarfafa keɓe watan Oktoba gaba ɗaya domin wannan addu'a. A 2002 Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya ƙara Asiran Haske guda biyar, suka zama 20.

Wannan ƙarin ya cike wani babban giɓi. A da, mai addu'a yakan tashi daga Yesu ɗan shekara 12 a Haikali ya faɗa kai tsaye gonar Getsamani, duk hidimarsa a cikin jama'a ba a taɓa ta ba. Yanzu akwai baftisma a Kogin Urdun, bikin aure a Kana, shelar Mulkin Allah, sāke kamanninsa a kan dutse, da kafa Jibin Ubangiji. Rabon kwanakin shi ne Asiran Farin Ciki ran Litinin da Asabar, na Baƙin Ciki Talata da Juma'a, na Ɗaukaka Laraba da Lahadi, na Haske Alhamis. Shawara ce, ba doka ba. Wanda ke zaman makoki ran Litinin bai yi laifi ba idan ya ɗauki asiran tashi daga matattu.

Inda abu ya fi lalacewa shi ne a addu'ar taro. Mai ja ya ce "asiri na biyu, bulalar da aka yi wa Yesu", kafin kunne ya gama ɗauka ya riga ya shiga "Ubanmu". Babu wanda ya ga ginshiƙin da aka ɗaure shi a kai, babu wanda ya ga sojojin. Maganinsa ba shi da wuya: a karanta aya ɗaya ko biyu da suka shafi asirin, a yi shiru kamar rabin minti, sannan a fara. Shirun nan yakan dami jama'a da farko, za ka ji ana gyaran murya ana motsa benci, amma in aka jure sukan saba. Goma-goma sau biyar da aka yi a natse sukan ɗauki wajen minti 20. Idan taro yana gamawa cikin minti 10, ka saurara da kyau, za ka ji jama'a sun fara "Maryamu mai tsarki" tun mai ja bai furta "Yesu" ba. To sunan da aka haɗiye ɗin nan shi ne tsakiyar "A gaishe ki Maryamu", wurin da rabinta na farko ke haɗuwa da na biyu. Akwai tsohuwar dabara da Fafaroma Bulus na Shida da Yohanna Bulus na Biyu suka yaba: a ƙara 'yar jimla bayan sunan, kamar "Yesu, wanda aka sa masa rawanin ƙaya". Baki ba ya iya gudu a kanta, kuma tana dawo da hankali kan asirin sau goma a jere.

Tambayoyi biyu ba sa ƙarewa a aji, galibi 'yan'uwa daga wasu coci ne suka jefa wa ɗalibai su. Ta farko daga Matiyu 6:7 take, inda Yesu ya hana yawan maimaita magana a banza. Abin da ya hana shi ne zaton yawan kalmomi zai tilasta wa Allah ya ji. Shi da kansa a Getsamani ya koma karo na uku yana faɗar magana guda, Zabura ta 136 kuma tana maimaita amshi ɗaya a ayoyinta 26. Ta biyu ita ce ko muna yi wa Maryamu sujada. A buɗe Luka 1:28 da 1:42, a nuna cewa rabin farko na "A gaishe ki Maryamu" gaisuwar Mala'ika Jibra'ilu ce da ta Alisabatu. Rabi na biyu roƙo ne cewa ta yi addu'a domin mu, wanda ake roƙa ya yi addu'a kuwa ba shi ne mai amsawa ba. Amma kada a ce wa ɗalibi dukan asirai 20 suna rubuce a Linjila. Ɗaukar Maryamu zuwa sama, wadda Fafaroma Pius na Sha Biyu ya ayyana a 1950, da naɗa ta sarauniya, daga koyarwar Ikilisiya suke. Ɗalibin da aka ɓoye masa wannan, ranar da aka ƙure shi a kai yakan fara shakkar sauran duka.

Sai batun ɗaukar carbi kamar laya. Ana rataye shi a madubin mota ko a wuyan jariri, shekara ta zagayo ba a ja shi ba. Fada, wato firist, ya sa masa albarka, don haka ana girmama shi, amma ƙarfin ba a robar yake ba. In zoben sarƙar ya buɗe a matse shi da filaya, in ya lalace sarai a binne shi ko a ƙona, kada a jefa a juji. Wanda ba shi da carbi yana da yatsu goma. Lokacin Mas, babbar sujadar Katolika, kuma ba na Rosari ba ne, a yi shi kafin a fara ko bayan an tashi.

Masu kukan hankalinsu na tafiya kasuwa ko gona a tsakiyar goma, kada su koma farko, domin mai komawa farko ba ya gamawa, daga baya ya daina gaba ɗaya. Ya ci gaba daga ƙwayar da ke hannunsa. In damuwar mai nauyi ce, kuɗin makaranta ko ɗa marar lafiya, ya mai da ita niyyar wannan gomar. Yara ƙanana da majiyyata goma ɗaya ta ishe su. Ga yara, asirin haihuwar Yesu ko samunsa a Haikali ya fi saurin kamuwa, musamman in an bar yaro ya fara ba da labarin da bakinsa sannan a ba shi ya ja ƙwayoyin.