Abin da marurun wani matashi ya koya mini

A shekarata ta farko a ɗakin wanke ciwo, wani matashi ya shigo yana ɗingishi, kafaɗunsa sun cika riga tam. Ya ce maruru ne ya fito masa a ɗuwawu. Wurin ya kumbura yana sheƙi, ga zafi kamar garwashi, ga zazzaɓi. Na tambaye shi ko an yi masa allura, ya ce a'a. Ni kuwa na yarda, na rubuta.

Sai babbar sistarmu ta leƙo. Ta dubi ƙurajen da suka feso masa a baya, ta ja kujera ta zauna. "Ɗana, wace iri kake yi, kuma sau nawa a mako?" Ba ta ce masa ko yana yi ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce testosteron ce da Deca-Durabolin, allurai na gina tsoka, wani abokinsa na wurin ɗaga ƙarfe ke tsira masa.

Ranar na gane cewa yadda ka yi tambaya shi ke yanke irin amsar da za ka samu. Mai amfani da sinadaran gina tsoka ya san za a yi masa faɗa, don haka ya shirya ƙaryarsa tun daga gida.

Sauran darasin a jikinsa na karanta. Yawancin waɗannan allurai a cikin mai ake narkar da su, mai kuwa ba ya saurin bajewa a tsoka. Idan aka zuba da yawa a wuri ɗaya, ko ana maimaita wurin, sai ya dunƙule ya yi tauri, ya yi kwanaki yana ciwo ko da babu ƙwayar cuta. Wannan daban yake da wanda ƙazanta ta shiga, irin nasa, wanda sai da likita ya tsaga, mugunya ta fita, muka riƙa cusa auduga ana wankewa kullum. Bambance su ba aikin abokin motsa jiki ba ne. Akwai kuma babbar jijiyar da ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa. In allura ta same ta, mutum na iya tashi da ƙafa tana ja. In man ya faɗa jijiyar jini ya kai huhu, nan take tari ke turnuƙe mutum. Ga haɗa sirinji, hanyar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne marurun ne mafi sauƙi a cikin matsalolinsa. Jininsa ya hau, gwaji ya nuna ya yi kauri, kitse mai kare zuciya ya faɗi ƙasa. Nonuwansa sun fara tasowa, domin jiki na juya rarar testosteron zuwa sinadarin mata. 'Ya'yan marainansa kuma sun motse: ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya wadata daga waje, sai ta daina ba su umarnin aiki, maniyyi ya ragu. A makaranta labarin Ben Johnson kawai na riƙe, ɗan tseren da aka ƙwace wa zinare a gasar Olamfik ta 1988 saboda stanozolol, wani sinadarin gina tsoka, har na ɗauka matsalar 'yan tsere ce. Wannan yaro ba ya gasa da kowa, madubi kawai yake son ya burge.

Da na ce ya watsar yau-yau ɗin nan, likita ya gyara mini. Bayan dainawa jiki kan ɗauki watanni kafin ya koma samar da nasa, a tsakanin nan kasala da mutuwar sha'awa da baƙin ciki kan danne mutum, su ne kuma ke mayar da da yawa ga allurar. Sai an bi shi da gwaji da lallashi.

Ranar wanki na ƙarshe, ya jira kowa ya fita, sannan ya ce a hankali, "Yaya, zan iya haihuwa kuwa?" Na kai shi wurin likita, aka rubuta masa gwajin maniyyi, aka ce ya dawo bayan wata uku.