Tsamiyar da na cunkusa da wadda na warwatsa: inda aka kwana

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon renon itatuwan daji. Ga labarin ɗan lambuna na nan Marwa a wannan damina.

Tsamiyar da na zuba da yawa a kwano guda ta fito lafiya, amma ruwan Agusta na kankama sai ta soma kwanciya. In ka tsuguna ka duba, gindin tsiron, daidai inda ya haɗu da ƙasa, ya yi duhu ya tsuke kamar zare, alhali ganyen sama kore shar. Da sassafe har farar funfuna nake gani a fuskar ƙasar. Daga tsakiyar kwanon ɓarnar ta faro, tana faɗaɗa zuwa gefe. Waɗanda na ba kowanne ledarsa kuwa, na jera su da tazara, yawancinsu na nan tsaye.

Ƙwayoyin da ke haddasa wannan ruɓa, irin su Pythium da Rhizoctonia, cikin ƙasa suke zaune, danshi suke jira. A cunkoso saiwa na taɓa saiwa, iska ba ta ratsawa, raɓa kan kai hantsi ba ta bushe ba. Ga kuma kokawar neman haske: kowane tsiro ya miƙe siriri, jikinsa ba ƙwari, cuta ta same shi a sauƙaƙe.

Haka abin yake a daji ma. Masana halittu biyu, Daniel Janzen a 1970 da Joseph Connell a 1971, sun kawo ra'ayin cewa 'ya'yan da suka zube suka taru a gindin uwa sun fi halaka, saboda nan maƙiyansu suka fi yawa. A shekarun 1980 wata masaniyar tsirrai, Carol Augspurger, ta nuna hakan a dajin Panama: ruɓar gindi ta fi cin tsiron da ke cunkushe cikin inuwa.

Wani ya ba ni shawarar in cakuɗa tsamiya da aduwa da magarya. Ni dai ban gamsu ba. Cakuɗawa na taimako kan cututtukan ganye masu bin iri ɗaya, amma Pythium ba ya zaɓen abinci.

Yanzu na ƙara yashin kogin Mayo Tsanaga a cikin ƙasar ledojin, ban ruwa kuma da safe kawai. Mutanen Garwa, ruwanku ya fi namu yawa, ku faɗa mana tazarar da kuke bari.