Awon sautin da kunne ba ya ji

Ranar da na gaya wa Hajiyarmu a waya cewa na samu aikin awo a Jamus, sai ta ce, "Kai ɗan nan, awon ciki kuma, kana namiji?" Dariya na yi, amma ba ta kauce sosai ba. Ɗan abin nan da likita ke shafa wa mai ya goga a cikin mace mai juna biyu, shi muke aunawa.

Sauti yake fitarwa. Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, shi kuwa miliyoyi yake yi. Muna tsoma shi a tankin ruwa, mu sa wata 'yar makirfo ta ruwa tana zagaya gabansa kaɗan-kaɗan, har mu gane inda sautin ya taru da ƙarfinsa. Idan ya yi yawa yana ɗumama tsokar jiki, shi ya sa ba a wasa da lissafin. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sauti na da turi. A auna sautin kan sikeli, wat 1 na ƙarfinsa yana danna sikelin kamar nauyin miligiram 69. Ƙofa aka buga, awon ya lalace.

Makona na farko na cika tankin da ruwan famfo. Ƙananan kumfa suka manne a fuskar na'urar, alƙaluma suka haukace. Ashe sai an zuƙe iskar da ke cikin ruwan tukuna. Abokiyar aikina ba ta yi faɗa ba, ta dai nuna min littafin ƙa'ida, shafi kaza. Gara ma ta yi faɗan.

Braunschweig, inda na sauka a Jamus, garin awo ne, nan cibiyar ma'auni ta ƙasa, PTB, take. Sauran lamuran sun zo da sauƙi: rajistar adireshi cikin mako 2, rarraba shara, mayar da kwalba a karɓi kuɗi. Shirun ne ya dame ni. Lahadi shaguna a kulle, a Disamba ƙarfe 4 da 'yan mintuna rana ta faɗi, kiran salla sai dai a waya. Ni da na tashi a Fagge!

Watan jiya ƙanwata ta turo min hoton cikinta, wata 5. Kafin na duba jaririn, lambobin da ke gefen hoton na fara karantawa. Ban gaya mata ba.